Garin Yumɓu a Kan Ƙyaure

Tungar Na'iya,
ƙasar Kebbe.
Litinin, 4 ga Oktoba.

Zuwa ga yayana Armaya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wagga takarda za ta same ka cikin sauƙi. Yaya ƙafar? Malami direba ya ce mini maɗori ya kwance karan ya sake ɗaurewa, kuma wai kana ta yi wa matarka Ruwaida gardama sai ka taka. Yaya, ka ji tsoron Allah ka zauna. Babur ya kayar da kai sau ɗaya, kada taurin kai ya ƙara maka na biyu. Ka gaishe ta, ka gaida Inna da duk mutanen Tambuwal. Mu nan lafiya lau, Umaima ta fara zuwa makarantar allo, bakinta bai hutawa.

Tun da anka yanke sabis ɗin waya ban da wanda nika kai wa ƙara, shi ya sa na koma ga biro da takarda. Ƙarar kuwa taka ce. Akwatin nan na 'yan sojojin roba da ka zo da shi daga karatunka na Turai, ka damƙa wa abokinka, maigidana Malam Dalhatu, ya raba ni da miji. Allah shi isar mini! Mutum da gemunshi, malamin makaranta guda, ya dawo daga aji ya zauna da gashin kaza yana shafa wa abin da bai kai babban yatsa ba fenti, ya fiddo harshe waje. In na yi magana ya ce in dakata ya gama hular kwano.

Yanzu abin ya wuce nan. Ya ciro tsohon ƙyauren zaure ya ɗora kan duro biyu, wai filin daga ke nan. Ya ce a can inda ka sayo abin har gidaje da ganuwa na roba ake sayarwa, shi kuwa ina zai gan su a Tunga? Sai ya kwaɓa yumɓu ya gina nashi. To da yake ba garin da ya sani kamar wanda yake ciki, Tunga ya gina kaf ɗinta. Ga masallacin Juma'a, ga makaranta, ga rumbunan mai gari da gwangwanin tumatir, ga kukar bakin kasuwa, ga gulbi da shuɗiyar leda har da mashayar da ake ƙetarewa. Wallahi har gidanmu na gane, da katangar da damina ta kayar mana. Tef ɗina na awon ɗinki ya tafi, ƙwayoyin ludona sun tafi.

Duk Juma'a bayan La'asar Abdurra'uf, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, yake zuwa su kafa. Shi ke tsaron gari, Malam ke kawo hari, don wai sojojin da ke kawo harin dodanni ne, ba mai son riƙe su sai Malam. Kafin su fara, kowa ya juya baya ya rubuta dabararshi a littafinshi, ya sa kwanan wata, don kada in wasa ya yi zafi wani ya canza magana. Sannan a auna da tef, a jefa ƙwaya, a kwashe matattu a zuba mini cikin kwanon sha.

Ni da nika tankaɗe a tsakar gida ina jin komi, har na haddace. Wai shekaru dubbai ne nan gaba, 'yan Adam sun cika taurari, suna wani yaƙi da ba mai tuna mafarinshi. Sarkinsu ba a taɓa ganinshi ba, sai dai a mutu dominshi. Injunansu kakanni sunka ƙera, in ɗaya ya lalace ba mai iya gyara, sai a shafa mishi mai a yi ta roƙonshi. Kuma kowace Juma'a labarin ɗaya ne, sunaye kawai ake canzawa. Za a kewaye gari. Wani tsohon kwamanda mai tabo a fuska zai hau ganuwa ya ce ba gudu ba ja da baya, wanda ya juya shi zai harbe shi da hannunshi. Daga nan a gano akwai maci amana a ciki. Kullum akwai shi, in ma babu sai an nemo. In gari ya faɗi, an mutu. In ya tsira kuma, manya su sauko daga sama su ƙone shi, wai wanda ya ga abokan gaba ido da ido ba a sake yarda da shi. Na ce to ina amfanin baɗi ba rai? Na tambayi Malam, su a duniyar tasu ba a noma ne, ba a biki, ba mai haihuwa? Ya yi dariya ya ce ana yi, amma ba a kan ƙyaure ba. Wai daɗin abin ke nan, ba mai gaskiya a ciki, kuma kowa gani yake shi ke ceton mutane.

Ni dai ban ga daɗi ba. Makon jiya anka kore shanun wata ruga da ke gabas da mu, gero ya nuna amma mutane ba su iya kai wa gona mai nisa. Na ce da shi wanda muke ciki bai ishe shi ba sai ya ƙaro na taurari? Ya ce a kan ƙyauren nan kaɗai ne ake mutuwa Juma'ar ga a tashi Juma'a mai zuwa. Na je na kwashe mishi tuwo.

Ga kuka da daddawa nan na ba Malami ya kawo wa Ruwaida. Allah shi ƙara sauƙi, shi haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai yawan surutu,
Hinde.

*

Tungar Na'iya.
Talata, 19 ga Oktoba.

Yaya Armaya'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar jikinka da na Inna. Ka karanta wagga takarda kai kaɗai, kada Inna ta ji tukuna.

An kama Malam. Yana kulle a tsohon shagon taki da ke kusa da gidan mai gari, yau kwana biyu.

Ran Juma'a 'yan bindiga sunka tare hanyar kasuwa sunka kashe mutum biyu. Ɗayansu ƙanen Bube ne, maharbin nan da ke shugabantar 'yan sa-kai. Tun daga maƙabarta magana ta tashi cewa ba a banza sunka san lokacin da motar za ta wuce ba, akwai infoma a gari. Ran Lahadi da hantsi sunka fara bi gida gida, kuma da gidajen waɗanda ba haifaffin Tunga ba sunka fara. Ka san Malam mutumin Jabo ne, shekara shida yana karantar da 'ya'yansu amma har gobe baƙo ne.

Da sunka shigo zaure, ƙyauren na rufe da tsohon zanena. Wani ya yaye. Yaya, ina leƙe ta bakin ƙofa, na ga fuskar Bube. Ya daɗe tsaye yana kallon garinshi a kan duro biyu, ga gidan ubanshi nan, ga sojoji an jera a bakin mashaya. Littafin Malam na ajiye a gefe. Ɗaya daga cikinsu da ya yi firamare ya ɗauka ya karanta da ƙarfi. Na san shafin, na Juma'ar da ta wuce ne: “Mutum talatin su shigo ta mashaya da hantsi, lokacin da maza ke gona. Goma su tsaya bayan makaranta. A fara da rumbunan mai gari. Mutuminmu na ciki zai buɗe musu shinge.”

Ka san mi abokinka ya yi? Dariya! Wallahi dariya ya yi, irin ta wanda anka kama yana satar ƙuli-ƙuli. Ya fara yi musu bayani, wai wasa ne, wai a wata duniya ce cikin taurari, shekara dubu kaza nan gaba. Bube ya bari ya gama, sannan ya tambaye shi a wane tauraro ne ake da mashayar Tunga da rumbun mai gari. Ya tambaye shi wane ne mutumin nasu na ciki. Malam ya ce ba kowa ba ne, haka labarin yake, dole a sa maci amana in ba haka ba wasan bai daɗi. Da na ji wagga amsa na san ya gama kashe kanshi da bakinshi. Na fito ko mayafi babu, na ce ni shaida ce, tef ɗina ne wancan, ƙwayoyin ludona ne. Ba wanda ya dube ni. Sunka ɗaure shi da rawaninshi, mutum fuɗu sunka ɗauki ƙyauren yadda yake sunka bi da shi tsakiyar gari kowa na gani.

Ban ce Bube mugu ne ba. Ran Juma'a ya rufe ƙanenshi, kuma ko ni ce na shiga zauren wani na tarar da haka, ban san mi zan ce ba. Amma mijina ko kaza bai iya yankawa, sai dai in kai wa mijin Maimuna maƙwabciyata.

Mai gari ya hana a taɓa shi. Ya ce za a miƙa shi ga hukuma a Kebbe in an samu rakiya, don yanzu ba mai bin hanyar da ɗaurarre. Kafin nan an ba ni dama in kawo abin da zai nuna wasa ne. Abu biyu na sani. Na farko babban littafin dokokin wasan mai hotuna, wanda ka riƙe a wurinka. Don Allah don Annabi ka ba Malami shi gobe-goben nan, da takarda daga hannunka cewa kai ka kawo akwatin. Na biyu littafin Abdurra'uf. In an aza shi kusa da na Malam, kowa zai ga kowane hari da amsarshi, rana ɗaya kwanan wata ɗaya. Na je asibiti na same shi, ya ce in koma gida zai zo. Bai zo ba tukuna, amma ina jin aiki ne ya riƙe shi.

Umaima na tambayar ina babanta, na ce ya tafi taron malamai. Ka sa mu a addu'a. Ina jin tsoro, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ƙanwarka,
Hinde.

*

Tungar Na'iya.
Talata, 26 ga Oktoba.

Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana samun sauƙi. Littafi da takardarka sun iso, na gode, Allah shi bar zumunci. Na ga inda ka ce za ka sa a ɗauko ka a mota. Kada ka fara. Mutum da ƙafa ɗaya a wagga hanya, so kake in rasa biyu?

Jiya anka zauna a zauren mai gari. Da na san abin da ke cikin littafin nan da ban roƙe ka shi ba. Kai ma ba ka duba ba kafin ka aiko? Shafin farko da Bube ya buɗe, tulin ƙoƙon kan mutane ne da wani ƙato mai ƙaho zaune a kai. Na gaba gari ne yana ci da wuta. Zauren ya ɗauki salati. Masu cewa infoma ne sunka ƙara da cewa matsafi ne. Anka kira hedimasta ya fassara. Bawan Allah ya buɗe tsakiya ya karanta abin da idonshi ya faɗa a kai, sai ga shi wurin da ake cewa gara a ƙone marasa laifi dubu da a bar maci amana ɗaya ya tsira. Wasu har da gyaɗa kai, wai ashe Turawan ma sun san gaskiya. Takardarka kuwa, sunka ce wa zai ƙi shaidar mijin ƙanwarshi.

Liman ne kaɗai ya yi magana mai kan gado. Ya ce shi ba tsafi ya gani ba, aikin banza ya gani, na manyan da ba su san darajar lokaci ba, kuma ba a kashe mutum don aikin banza. Ya ce a kira abokin wasan.

Anka kira Abdurra'uf. Yaya, mutumin da ya ci tuwona Juma'a ta fi ashirin, wanda in ya ci wasa har rawa yake takawa a zaurena, ya tsaya gaban jama'a ya ce shi gaisuwa kawai ke kai shi gidan. Wai yakan ga abin a rufe, bai san mi ne ne ba, kuma shi bai da wani littafi. Ko inda nike bai duba ba. Allah ya isa tsakanina da shi, na faɗa a zauren na kuma faɗa a nan.

Da na ga haka na kutsa ciki, duk da an ce mata su tsaya waje. Na ɗauki tef na auna daga mashaya zuwa makaranta, na jefa ƙwaya, shida ta fito, na kwashe sojoji uku na ce sun mutu. Na ce ga shi nan, wannan ne duk abin da suke yi, ku dube shi! Samari sunka fashe da dariya. Bube bai yi ba. Ya ce in mace ta san yadda ake yi, to gidan duka sun sani ke nan. Liman ya daka mini tsawa in fita, daga baya na gane cetona ya yi.

Da la'asar na kai wa Malam abinci, ana barina in tsaya a bakin taga. Ya rame, amma ba a doke shi ba. Na faɗa mishi abin da amininshi ya yi. Ya ce in bar Abdurra'uf, da ya fito da littafin nan cewa za a yi infoma biyu ne, kuma shi ma yana da 'ya'ya. Na ce ni ban da wannan haƙurin. Sai ya ce wani abu da ya tsaya mini a rai. Wai shi ya san wanga labari, ya rubuta shi da hannunshi ya fi sau goma, an kama wani an ce shi ne, an kai shi bakin ganuwa. Amma ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa ya tambayi kanshi ina matar mutumin take a lokacin ba. Ya ce in yafe mishi. Na ce ya ci abincinshi kada ya huce.

Mai gari ya ce Litinin mai zuwa akwai rakiya zuwa Kebbe. In ya kai can da rai, na san masu ilimi za su duba su gane. Kwana shida ne. Ka nemi wanda ka sani a can ya tsaya mana.

A gaida Ruwaida. Yanzu kana iya gaya wa Inna, amma a hankali.

Taka,
Hinde.

*

Tungar Na'iya.
Talata, 2 ga Nuwamba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na san labari ya riga takardata, amma ina son ka ji daga gare ni.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dalhatu ya rasu ranar Asabar.

Da hantsi sunka shigo, maza na gona ana yankan gero. Ta mashaya sunka ƙetaro. To ta ina za su shigo dā? Ruwa ya janye, ko jaki ya san nan ne hanya. Sun ƙone rumbunan mai gari, don su ne na farko in ka hauro daga gulbi. Sun kashe mutum tara, sun tafi da mata uku. Ni da Umaima da Maimuna da 'ya'yanta muna kwance ƙarƙashin gado har sunka fita.

Kafin Azahar mutane sun dawo daga gona sun ga gawawwakinsu. Ba wanda ya ce komi sai abu ɗaya, wai yadda ya rubuta haka anka yi. Sunka nufi shagon taki. An ce mai gari ya tsaya a ƙofa anka ture shi. An ce Liman ya yi ta kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ni ban gani ba. Na ji ihun na tashi zan fita, Maimuna ta danne ni da jikinta, na cije ta a hannu har jini, ba ta sake ni ba.

Mutum taran nan gari duka ya sallace su a filin idi. Shi kuwa mutum fuɗu ne sunka tsaya a kanshi: Liman, hedimasta, Malami direba da mijin Maimuna. Su sunka wanke shi, su sunka haƙa, can gefen maƙabarta wajen ƙaya. Mutumin da ya koya wa rabin garin ga karatu.

Na shiga takaba. Ba mai shigowa gaisuwa sai Maimuna. Kada ka rubuto mini kana cewa laifinka ne, ban da ƙarfin da zan ba ka haƙuri. Ka aika Jabo a gaya wa mahaifanshi yadda abin yake, kafin su ji shi yadda ake faɗi a nan.

Ƙanwarka,
Hinde.

*

Tungar Na'iya.
Alhamis, 11 ga Nuwamba.

Zuwa ga yayana Armaya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata ƙafa ta fara ɗaukarka. Na ga saƙon Inna, ka ce mata ina cin abinci. Na yarda da shawararku, Liman ma ya ce ba laifi in ƙarasa takaba a gida tunda zaman nan ba aminci. Malami zai ɗauko mu ran Litinin in Allah ya yarda. Amma akwai abin da ya faru da nika son ka sani kafin in zo, don in na zo ba zan iya faɗinshi da baki ba.

Ran sadakar bakwai Abdurra'uf ya yi sallama. Na ce a ce ban nan. Ya ƙi tafiya, ya zauna a zaure tun hantsi har Azahar. Da na gaji na zo bayan labule, sai ya turo mini littafi ta ƙasa. Nashi ne. Ashe cikin kwalin magani ya ɓoye shi. Yana kuka kamar mace, wai tun ranar bai runtsa ba, wai in yi mishi duk abin da na ga dama. Na ce ni ba abin da zan yi mishi, ya je shi da Allah. Amma kafin nan zai yi mini aiki ɗaya.

Na aiki mijin Maimuna ya kira Bube, na ce ya zo da littafin Malam da ke hannunshi. Ban zaci zai zo ba, sai ga shi shi kaɗai, ba bindiga. Na sa Abdurra'uf ya aza littattafan biyu ya karanta, shafi da shafi. Juma'a kaza Malam ya ce a shigo ta mashaya, Juma'ar nan Abdurra'uf ya ce a ɓoye mutum goma cikin duhuwar bakin gulbi. Malam ya ce a tsaya bayan makaranta, shi ya ce a haƙa rami a wurin. Malam ya ce da hantsi maza na gona, shi ya ce kada a bar maza su fita gaba ɗaya, a raba su kashi biyu. Har inda sunka rubuta wanda ya ci wasa da wanda ya yi ƙeta, har inda Malam ya zana kan jaki ya sa sunan Abdurra'uf. Ashirin da uku ne, ya karanta su duka.

Bube bai katse shi ba. Ina ganin ƙafafunshi ta ƙarƙashin labule, ba su motsa ba. Da anka gama ya ce shi ba shi ya fara jifa ba, amma kuma bai hana ba.

Na ce ba wannan na kira shi ya faɗa mini ba. Abu ɗaya nika so. Ran Juma'a in an sallame, ya miƙe a masallaci ya ce Dalhatu ba infoma ba ne. Kalma biyar. Ɗiyata za ta girma, kuma ko a Tambuwal sunan zai bi ta.

Ya ce ba zai iya ba. Ya ce waɗanda sunka fasa shagon nan sun fi arba'in, kuma su ne masu gadin gari. In ya faɗi haka ya ce musu masu kisan kai ke nan, rabinsu za su gudu, rabi su juya kanshi, 'yan bindiga kuwa sun aiko cewa za su dawo. Ya ce watakila nan gaba, in ƙura ta lafa. Na ce ƙurar da ba ta lafa ba tun ina amarya? Na zage shi, Yaya, ni da ke cikin takaba. Na ce mishi matsoraci, na ce da shi da Abdurra'uf uwa ɗaya ta haife su. Ya ce na yi gaskiya.

Na ɗauka tashi zai yi. Sai na ji ya gyara murya. Wai yana roƙon alfarma, in ba shi littafin Abdurra'uf ya tafi da shi. Ya ce abin da ke ciki na tsaron gari ya fi duk abin da sunka taɓa shiryawa, kuma shi bai iya riƙe shi duka a ka.

Littafin na kan cinyata. Shi kaɗai ne shaidar da ta rage mini a duniya, in ya fita gidan ga na san ba zan sake ganinshi ba. Na so in ce a'a, wallahi na so. Na so in zo da shi Tambuwal in bi gida gida ina nunawa. Amma gidan Maimuna ne na biyu in an hauro daga mashaya, 'ya'yanta biyar, kuma har yanzu hannunta na ɗaure inda na cije ta.

Na tura mishi ta ƙarƙashin labule. Ya ɗauka da hannu biyu ya fita.

Shekaranjiya an fara haƙa rami bayan makaranta, an kuma raba masu zuwa gona kashi biyu. Maimuna ta ce a bakin rijiya ba a zancen komi sai hangen nesan Bube, ana ta sa mishi albarka.

Ka ce wa Ruwaida ta share mana ɗakin baya, kayanmu ba su da yawa. Ka gaida Inna. Allah shi jiƙan Dalhatu, shi sa ya huta, shi ba ka lafiya.

Ni ce ƙanwarka,
Hinde.